Shekarar da Zaidu Sai-na-gani Ya Yarda

A tashar Badaguishiri, in ka ce kana neman Zaidu, za a tambaye ka wanne, don masu sunan sun kai huɗu. Amma in ka ce Sai-na-gani, ko mai tallan ruwa za ta nuna maka rumfarsa. Ɗan kamasho ne na motocin albasa: shi ke haɗa manomi da direba, ya tsaya a kan lodi har a ɗaure tanti. Gajere ne, mai ɗingishi a ƙafar hagu, kuma yana kallon kowa da gefen ido kamar an taɓa sace masa akuya bai gano ɓarawon ba.

Ba a banza sunan ya same shi ba. In ka ce masa an yi ruwa a Tajaye, sai ya dubi takalminka ya ga ko da laka. In ka ba shi goro, sai ya ɓare ya duba ciki kafin ya yi godiya. Ranar da aka je yi masa albishir matarsa Rahama ta sauka lafiya, cewa ya yi, "To, sai na gani," ya bar mai albishir tsaye da hannu a buɗe. Rahama ba ta daina yi masa gorin wannan ba har yau.

Ba haka aka haife shi ba. Ɗan Gidan Rabo ne, wani ƙauyen manoman albasa a tsallaken ƙorama, tafiyar awa guda a amalanke daga Badaguishiri. Noma bai karɓe shi ba, sai ya gudu Konni ya koyi tuƙi, ya yi shekara goma sha tara yana jan babbar motar wani Alhaji. Ya kai albasa Abijan da Akara, ya ɗauko siminti daga Malbaza har bai san iyaka ba. A lokacin mutum ne mai fara'a, mai saurin cewa to. Wata rana wani bakanike ya rantse masa ya gyara birki, shi kuma bai leƙa ƙarƙashin motar ba. A gangaren farko birkin ya ƙi. Zaidu ya tashi da ƙafa a karye wuri biyu, ya yi wata shida a hannun mai ɗori. Daga tabarmar nan ya tashi wani mutum daban.

Abin mamaki, wannan mugun halin shi ya zama arzikinsa. Ba shi da mota, gonarsa ba ta kai a zo a gani ba, amma yana da abin da Alhazan tasha ba su da shi. In Sai-na-gani ya ce irin nan mai kyau ne, ba mai sake dubawa. In ya ce direban nan ba zai gudu da kaya ba, a loda masa kawai. Mutane suna zaginsa a bayan ido, su ce baƙar zuciya gare shi, amma ba wanda zai sayi buhun taki bai kira shi ya murza ya shinshina ba. Da wannan ya ci, da shi ya aurar da ƴaƴansa, da shi ya yi wa ƙaramarsu Mansura karatu har ta zama malamar lakwal, wato makarantar boko.

Ciwon Gidan Rabo ɗaya ne, ƙoramar nan. Da rani yashi ce kawai, motoci suna ratsawa. Da ruwan farko ya sauka kuwa, shi ke nan, babbar mota ba ta ƙara shiga garin sai bayan girbin gero. Saboda haka kowace shekara, da an cire albasa a watan Maris, dole su sayar a lokacin da ta fi araha, dillalai suna taya musu yadda suka ga dama. Su kuma dillalan su kai ta tsallake su ajiye a rudu, wato rumbun kara mai shan iska, su jira tsakiyar damina lokacin da buhu ke ninka kuɗinsa uku ko huɗu. Manoman sun san wannan sarai, suna kallo, ba yadda za su yi.

Maganin kowa ya san shi: radiye, shimfiɗar siminti da ƙarfe a gindin ƙorama wadda mota za ta bi ko da ruwa. Sau uku ana zuwa da alkawarinta. Na farko an kafa allo. Na biyu an zo da masu awo, suka caccaka turaku masu jan fenti suka tafi. Na uku har sa aka yanka. Duk ukun Zaidu ko tashi daga rumfarsa bai yi ba, kuma duk ukun shi ya yi gaskiya.

A karo na huɗu, cikin sanyi, sai ga katafila. Bayanta motar siminti, bayanta motar rodi. Wannan ya tayar da shi. Ya hau kabu-kabu ya je bakin ƙorama, ba don murna ba, don ya kama su. Ya huda buhun siminti da ƙusa ya ga ba yashi ba ne. Ya lanƙwasa rodi da ƙafarsa mai lafiya. Ya sa kara a tankin katafila ya ga man gazuwal har wuya. Ya saurari injin ya ji ba tari ba shessheƙa. Kwana tara yana zuwa, har direban katafilar, wani Saminu, ya gaji da shi.

"Tsoho, kai jandarma na ko mi?"

"Ni ba kowa ba na. Kuɗɗin aikin ga, daga ina sunka hito?"

Saminu ya ce daga asusun hanya, inda ake tara abin da motoci ke biya a shingayen kwalta, kuma ba a taɓa shi sai don hanya. Wannan maganar ta shiga Zaidu inda ba a zata ba. Shekara goma sha tara yana miƙa hannu ta tagar mota a shingayen nan, yana karɓar ƴar takarda yana tsaki, yana cewa a ransa an ci banza. Ashe kuɗin suna nan. Ashe guminsa ne ya zagayo zai zama siminti a ƙofar garinsu. Ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji irinsa ba, ya kuma ji kunyar daɗin.

Da aka fara cire albasa, aikin ya kai an haƙe gindin ƙoramar daga gaɓa zuwa gaɓa, rami mai zurfin mutum a tsaye, an yi wa motoci wata ƴar hanyar wucin gadi ta cikin yashi. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, Inusa ya tare shi a gindin bishiyar bedi ta ƙofar masallaci. Inusa shi ne shugaban manoman garin, kuma tare aka yi musu kaciya da Zaidu.

"Zaidu, dillalai na bisa hanya. Mutane sun ce in tambaye ka gaban kowa. Mu saida kamar kullum, ko mu aje?"

 Zaidu ya san abin da ake tambayarsa. Albasar nan ita ce tuwon shekara, ita ce auren ƴaƴa, ita ce irin baɗi. Bakinsa ya ɗauko amsar da ya saba, sai ya ji ta ƙi fita.

"Wanga karon na gani," in ji shi. "Ku aje."

Da wani ne ya faɗa, da rabin gari sun sayar. Da yake shi ne, ko buhu ɗari ba a sayar ba. Dillalai suka zo suka yi ta zagaye, suka ƙara farashi kaɗan, suka yi zagi, suka juya da motoci ba kaya. Gidan Rabo ta cika da sababbin rudu, har matan da ke da kwali biyu uku na albasa suka haɗa kai suka gina nasu. Zaidu in ya ratsa gari, yara suna binsa, tsofaffi suna sa masa albarka. Bai saba ba, amma bai ƙi ba.

A tsakiyar watan Mayu wata doguwar mota ta zo da hantsi ta ɗauki katafilar. Aka ce gyara za a kai ta. Zaidu ya san injin nan kamar muryar matarsa, lafiyarsa ƙalau. Ya kira Saminu a waya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Bayan kwana uku aka zo aka kwashe siminti, aka ce kada raɓa ta taɓa shi. Raɓa a watan Mayu! 

A nan ne ya yi laifinsa, kuma shi kansa bai taɓa musu ba. Hanyar wucin gadin tana nan, da ya buɗe baki a ranar ya ce a kira dillalai, da an tsira da wani abu ko da a wulaƙance. Amma sau ɗaya a rayuwarsa ya ce ya gani. Ya koma gindin bedi ya ce bai gani daidai ba? Ya ce wa kansa bari a ba su mako guda. Makon ya wuce ya ƙara musu wani.

A cikin makon na biyu Mansura ta zo Badaguishiri da buhun shinkafa a bayan babur da ƙullin shadda a hannu. A lakwal ɗin Gidan Rabo take koyarwa, malamar kwantaragi, kuma wata biyar ba ta ga albashi ba, mijinta na cin rani a Libiya, Rahama ce ke aika mata da hatsi a ɓoye. Ta durƙusa tana dariya.

"Baba, an biya mu! Duka biyar ɗin, lokaci guda."

"Duka? Wa yab biya ku?"

"Gwamnati mana, Baba. Ko shi ma sai ka gani?"

Ya karɓi shaddar ya murza ta, ya ɗaga ta a rana, bai sami aibu ba. Shekarunsa sittin da ɗoriya, wannan ne karon farko da ɗan cikinsa ya tufatar da shi. Ya kai wa tela a ranar, ya sa ta ranar Juma'a ya je Gidan Rabo. Bai lura da yadda ake kallon rigar ba, shi da ba abin da ke wuce masa.

Ruwan farko ya zo da wuri, kuma ya zo da ƙarfi. Kafin gari ya waye hanyar wucin gadi ta tafi, ramin ya cika ya zama tafki mai cin gaɓa. A da, kwana biyu bayan ruwa amalanke na iya lallaɓawa ta ratsa. Yanzu ko jaki ba ya shiga. Masu ƙarfi suka riƙa ɗaukar rabin buhu a ka suna zagayawa ta wani mashigi mai nisa, su isa da albasa a jiƙe a ƙuje, a taya musu kuɗin da bai kai ladan ɗauka ba. Saura tana cikin rudu tana shan laima. A watan Yuli ta fara tsiro. A watan Agusta, in iska ta kaɗo daga gabas, tun daga bakin ƙorama ake jin warin garin.

Zaidu ya bar rumfarsa ya shiga farautar ɓarawo. A wannan fanni ya san ba a fi shi ba, kuma ya rantse sai ya kawo wa Inusa suna. Ya fara zargin dillalai, don su ne suka fi kowa jin haushin radiyen. Ya bi diddiginsu a kasuwa uku, bai sami komai ba sai dariyar mugunta. Ya koma kan ɗan kwangila, ya je har Konni ya sami filin ajiyarsa, ya tarar da katafilar a tsaye ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, mutumin kuma yana ta rantsuwa shi ma tsayar da shi aka yi. Zaidu bai yarda ba, amma ya dubi gidan ya ga ba sabon fenti, ba sabuwar mota. Ya je ofisoshin gwamnati a Illela sau uku, buro zuwa buro. Nan a ce mai sa hannu ya yi tafiya, can a ce takardar tana sama. Duk wanda ya yi masa murmushi sai ya ƙara shi a cikin waɗanda yake zargi, har mai shara.

A zuwa na huɗu, yana zaune a kan benci tun safe, wani dattijon sakatare mai farin gilashi ya fito zai yi alwalar azahar, ya tsaya ya dube shi.

"Ba kai na direban da ka ɗauko mu da iyalina daga Malbaza ba, shekarar da motarmu ta mutu a daji?"

Zaidu bai tuna ba, amma bai musa ba. Mutumin ya ce sunansa Abdulhamid. Bayan salla ya ja shi bayan ginin, inuwar wata bishiyar dogon yaro, ya sa aka kawo musu shayi.

"Malam Zaidu, ka bar wahal da ƙahwarka. Ba ɓarawo cikin zancen ga."

"Kuɗɗi sun ɓace, kuma ba ɓarawo?"

"Ba su ɓace ba, juya su anka yi. Babbar tukunya, baitulmalin gwamnati, ta ƙone, ma'aikata wata da watanni ba albashi, malamai na shirin aje alli, masu asibiti na shirin ruhe ƙohwa. Sai anka duba ina ad da kuɗɗi kwance. Asusun hanya na. Anka sa hannu, anka ɗebe, anka toshe ramin. Da takarda, da hatimi, ba a ɓoye ba. Ba radiyenku kaɗai ba, ayyuka da dama sun tsaya."

"An ce mani ba a taɓa su sai don hanya."

"Haka doka ta ce. Wata takarda kuma ta zo ta ce ban da bana."

Zaidu ya riƙe kofin shayin bai kai baki ba. Yana so ya tambaya, yana tsoron amsar.

"Yaushe anka yi wanga?"

"Tsakiyar Mayu. Ba ka ji malaman kwantaragi na murna ba? Wata biyar anka ba su lokaci guda. Daga ina kake tsammani sunka hito?"

Zaidu ya sunkuyar da kai ya dubi hannun rigarsa. Shaddar ce a jikinsa, don ita yake sawa in zai shiga buro a ga mutuncinsa. Wata biyu yana neman gidan da kuɗin radiye suka shiga, ya zargi kowa daga Konni zuwa Illela, ashe da su aka dafa shinkafar da ya ci. Bai yi wa Abdulhamid godiya ba, bai ma yi masa sallama ba.

A motar komawa ya yi ta juya abin. Ga shi ya samo gaskiya, kuma gaskiyar za ta wanke shi, don ya riga ya ji abin da ake faɗa: katafila ta tafi ranar Talata, Juma'a ta biyu Sai-na-gani ya fito da sabuwar shadda. Amma ya san garinsu. Ba wanda zai riƙe zancen babbar tukunya da hatimi. Gwamnati ba ta da ƙofar gida a Gidan Rabo, Mansura ce ke da ita. Kafin magariba zancen zai zama Madan, malamar lakwal, ta ci albasarmu. Matan da suka yi asara ba za su ƙara amsa gaisuwarta a rijiya ba, kuma in an koma lakwal ba mai turo mata ɗa. Yarinyar da ta yi wata biyar tana koyar da ƴaƴansu da yunwa a cikinta.

Ya zagaya ta mashigin nesa ya isa garin bayan la'asar. Maza suna gindin bedi, an ji ya je Illela. Daga inda ya tsaya yana hango mata a bakin rudun Inusa suna tsince mai rai daga ruɓaɓɓiya, sun ɗaure hanci da gefen gyale. Mansura na cikinsu, hannunta baƙi ƙirin har gwiwa.

"To, Zaidu," in ji Inusa. "Wa yac ci?"

"Ban gano ba."

"Kai? Kai da ka gano buhun taki guda na jabu cikin mota guda, kai na ba ka gano ba?"

"Ban gano ba, Inusa. Laihina da nis sani shi na, da katahila ta tahi ban ce ku saida ba."

Inusa ya daɗe yana kallonsa, daga hula har zuwa bakin riga. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

"Ni ban ce komi ba. Amma tun muna yara ban taɓa jin ka ce ka gani ba sai bana. In wani abu sunka ba ka, da ka hwaɗa mani ni kaɗai, in saida tawa."

 Ɗaya bayan ɗaya mutane suka naɗe tabarminsu, ba wanda ya ce wa Zaidu sai an jima. Ya san daga yau ba mai ƙara kiransa ya duba iri, ba mai loda mota a kan maganarsa, kuma labarin zai riga shi isa tasha. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, har ya ji ƙafar nan ta soma yi masa zugi.

Yana kan hanyar fita gari Mansura ta biyo shi da gudu, tana goge hannu da ƙasa.

"Baba, sun hwaɗa maka ko wane na?"

"Ba su hwaɗi ba."

Idonta ya ciko da hawaye. Ta juya ta dubi rudunan, ta ɗaga hannu sama.

"To ko wane na, Allah ya isa! Wanda duk yac ci kuɗɗin ga, Allah shi hana mai jin daɗinsu, shi da..."

"Kul!" Zaidu ya cafke hannunta ya sauke shi ƙasa da ƙarfi. "Janye! Janye yanzu, ɗiyata. Kar in ƙara jin wagga addu'a a bakinki."

Mansura ta yi sororo. Ubanta da ke tsine wa mai awo in ya rage hatsi cikin cokali, yau shi ke kare ɓarawo? Ta dube shi, ta dubi hannunsa a kan nata, a hankali ta zare hannun ta ja da baya taki ɗaya.

"Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "don mi?"

Zaidu ya ga a idonta abin da ya gani a idon Inusa. Ya ce mata ta koma, mata suna jiranta.